Waƙar Dokin da Ya Zo na Ƙarshe

Dalilin da ya sa mutanen Mongoliya suke yi wa dokin da ya zo na ƙarshe a tsere waƙa, alhali a ko'ina dariya ake yi masa, shi zan gaya muku yau, in kun bar ture-turen nan kun zauna. Ni ma a gajiye nake, kada wanda ya sa ni maimaici.

Ƙasar nan tana can gabas mai nisa. Ciyawa ce shimfiɗe har inda ido zai gaji ya dawo, mutanenta kuwa makiyaya ne masu kwana a bukkokin gashin tumaki. Sanyi ke cinye musu yawancin shekara. In ɗumi ya leƙo na ɗan lokaci, sai su taru su yi wani biki da suke kira Nadam, a yi kokawa, a yi harbin kibiya, a yi tseren dawaki. Tserensu ba zagaya fili ba ne. Tun da safe ake kora dawakin can bayan tsaunuka, sannan su juyo da gudu zuwa wurin taro, yara ƙanana a bayansu saboda rashin nauyi.

To, a zamanin da, a wani kwari na ƙasar, dole ne kowane gida ya kawo duƙushi ɗan shekara biyu ya shiga tseren. Wanda ya zo na farko, mawaƙi ya yi masa kirari, ya zuba masa nonon goɗiya a ka, kuma dokin da nono ya taɓa kansa wuƙa ba ta taɓa wuyansa har tsufa ya kashe shi. Wanda ya zo na ƙarshe kuwa, shi ne naman biki. Kada ku yamutsa fuska. Su da za su ga yadda kuke tauna fara, da sun bar muku garin.

Akwai wani mutum a kwarin, sunansa Sambu. Shekara talatin yana horar da dawakin tsere, har daga wasu kwaruruka ake kawo masa. A shekarar da nake ba ku labari, sanyi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ƙanƙara ta rufe ciyawa ta daskare, dabbobi suka yi ta tono da kofato har suka faɗi. Da ɗumi ya dawo, abin da ya rage wa Sambu 'yan tumaki ne da duƙushi ɗaya mai ruwan toka, ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Su ba sa raɗa wa doki suna, da launinsa suke kiransa, don haka ake ce masa Ɗan Toka. A ƙasar da za ka wuni kana tafiya kafin ka kai bukkar maƙwabci, wanda ba shi da doki ba zai iya kiwo ba, ba zai iya ƙaura ba.

Ga yadda ake shirya dokin tsere a wurinsu. Wata guda kafin biki za a ɗaure shi a turke, a rage masa kiwo, a lulluɓa masa bargo a sa shi gudu, a riƙa kankare zufarsa da ɗan katako har cikinsa ya ɗame. Babu wanda ya fi Sambu sanin wannan. Ya kuma san cewa in ya ramar da Ɗan Toka a cikin 'yan makonnin da ciyawa take da ƙarfi, ba zai tara kitsen da zai kai shi ƙarshen sanyi mai zuwa ba. In kuma ya bar shi ya ci, zai zo na ƙarshe, a dafa shi.

Ya taka da ƙafa wurin Gombo, dattijon da ke shugabantar kwarin, ya roƙi a ɗauke masa tseren bana. Gombo ya saurare shi ido a lumshe, ya ce gida goma sha ɗaya sun riga shi zuwa da wannan magana, in ya ɗauke wa ɗaya sai ya ɗauke wa duka, kuma mutanen da suka sha irin wannan wuya ba za a hana su biki ba. Ya ba shi shayi mai gishiri, ya sallame shi.

Sai Sambu ya shiga wani hali. Da safe ya ɗaure Ɗan Toka a turke. Kafin rana ta kai tsaka, ya dubi haƙarƙarin nan, ya kwance shi. Washegari ya sake ɗaurewa, ya sake kwancewa. Matarsa Yanjin tana tatsar tumaki tana kallonsa. Ranar da ta gaji ta ce, "Uban Dulma, igiyar nan ta fi ku shan wahala, kai da dokin. Ka bar ta ta huta."

Daga ranar bai ƙara ɗaure shi ba. Ɗan Toka ya sa kai a ciyawa bai ɗago ba sai da ranar biki ta zo, cikinsa kamar tulu.

Dulma 'yarsu, mai shekara takwas, ita za ta hau. Da uban yake ɗaure mata sirdi ta tambaye shi ko ta doke shi da bulala. Ya ce kada ta wahalar da hannunta. Aka kora dawaki suka ɓace bayan tsauni, jama'a suka zauna jira, mahauci ya ɗora ƙatuwar tukunya.

Mawaƙin kwarin wani tsoho ne, Namsarai. Idonsa ya yi rauni, kunnensa ɗaya ya mutu, amma harshensa na nan da kaifinsa, wanda duk ya ɓata masa rai sai ya ji sunansa a waƙa har jikoki su haddace. Ranar tun safe yake rera wa 'yan kokawa da maharba, kowa ya ci nasara sai ya miƙo masa akushin nonon goɗiya mai tsami, shi kuwa ba ya mayar da hannun kyauta. Ya zo ya zauna a gindin sandar da dawaki ke tsayawa, ya jingina lafiyayyen kunnensa da sirdi, ya ce bari ya ɗan rufe ido.

Dawaki suka taso da ƙura. Na wani mai garke da yawa, Lubsan, shi ya zo na farko, saura suka biyo baya. Aka yi ta sowa, Namsarai bai motsa ba. Lubsan ya ja dokinsa ya tsaya kusa yana gyaran murya. Aka ce wani ya tashi Namsarai, kowa ya dubi na kusa da shi. Gombo ya ce a bar shi, ai ko yaya sai an jira na ƙarshe.

Aka ƙirga dawaki, saura ɗaya. Ƙura ta kwanta. Ruwan tukunya ya tafasa ya ƙone, aka ƙara wani. Yara suka gaji da kuka suka yi barci a cinyar iyayensu, 'yan kokawa suka baje a ciyawa kamar shanu. Sambu na tsaye a bayan taro, ya ƙi zama. Ashe can a hanya Ɗan Toka ya ga wata fadama mai ɗanyar ciyawa, ya ratse, Dulma kuwa da ta san abin da ke jiransa ba ta ja linzami ba. Sai da ƙishirwa ta dame ta, ta rasa inda za ta nufa in ba wurin taro ba, sannan ta juyo da shi.

Rana ta yi sanyi sa'ad da aka hango su. Jama'a suka miƙe, ba don murna ba, don yunwa. Motsin miƙewarsu shi ya tashi Namsarai. Ya buɗe ido ya ga mutane tsaye sun zuba ido gefe guda, ga doki ɗaya tilo yana tahowa, babu kowa a gabansa, babu kowa a bayansa. Shekara arba'in yana wannan aiki, kuma a saninsa doki ɗaya ne ke isowa shi kaɗai haka. Bai taɓa tsayawa ganin na ƙarshe ba, balle ya san shi ma haka yake isowa.

Ya zabura, ya ɗauki akushi, ya tare Ɗan Toka, ya ɗaga murya yana kiransa iskar da ta riga iska. Kafin wani ya kai gare shi, ya juye nonon a kan dokin.

Mahauci ya dubi wuƙarsa, ya dubi Gombo. Lubsan ya fara faɗa, yana cewa nonon dokinsa ne aka zuba wa wannan buhun ciyawa, kuma zubin makaho ba zubi ba ne. Wasu suka goyi bayansa, don cikinsu na kuka. Wasu suka ce nono dai ya zuba, ba a kwashe shi.

Namsarai ya ɗan matsa, ya shafa cikin dokin, ya gane abin da ya yi. Amma tsohon mawaƙi ba ya cewa ya yi kuskure a gaban taro. Ya gyara hularsa ya ce, "Lubsan, ƙanena, wa ya gaya maka ban gani ba? Na gani sarai. Doki ne ke ɗaure kansa a turke? Shi ke kankare zufarsa? Kullum kuna dafa doki, mai laifin yana zaune yana shan romo."

Gombo ya gaji, ƙafafunsa sun kumbura, so yake a gama. Ya ce to, a tambayi mai dokin. In Sambu ya ce ya yi masa horo yadda ya kamata, laifin doki ne, nonon kuskure ne, a yanka. In kuwa laifinsa ne, ya fito ya riƙe linzami da hannunsa, mawaƙi ya faɗa wa duniya irin aikin da ya yi, doki ya tsira.

Ku yara ba ku san nauyin wannan ba. Sunan nan na gwanin horo shi kaɗai sanyi bai kashe wa Sambu ba. Da shi yake sa ran a kawo masa dawakin mutane baɗi, ya samu na sawa a baka. In ya ce ya yi horo, babu mai ƙaryata shi, ko Lubsan cewa yake ai kowa ya san hannun Sambu, dokin ne ba shi da zuciya. In kuwa ya shiga waƙar Namsarai, ya shiga ke nan.

Ya daɗe a tsaye. Dulma na kan doki, leɓunanta sun bushe, ba ta dube shi ba. Sannan ya ratso taro a hankali, ya sauke ta, ya kama linzamin.

"Baba Namsarai," in ji shi, "ban ɗaure shi ba. Rera."

Namsarai kuwa ya rera, bai rage komai ba, don yana bukatar a manta da barcinsa. Ya ce ga doki ɗan asali da aka ba malalaci. Ya ce turken Sambu har ciyawa ta tsiro a gindinsa, katakon kankare zufarsa mata na juya miya da shi. Ya ce dokin ya tsaya gaisawa da kowace ciyawa a hanya saboda ladabi, abin da mai shi bai koya ba. Ya juya ga Ɗan Toka ya ce kada ya ji kunya, cikinsa ne ya yi nauyi ba ƙafarsa ba, baɗi ƙurarsa kawai za a gani. Mutanen da suka wuni da yunwa suka yi dariya har da hawaye. Sambu na tsaye, kansa a sunkuye, yana murza linzami a hannu, har aka kai ƙarshe.

Saura maganar tukunya. Lubsan ya ce har yanzu ba a yi wa dokinsa kirari ba. Namsarai ya ce muryarsa ta dushe, ba ta buɗewa sai da romon rago, kuma duk kwarin mutum ɗaya ne yake da ragunan da suka yi ƙiba. Haka Lubsan ya kawo biyu yana ƙunƙuni. Da aka ci, kowa ya yarda a ransa cewa rago ya fi duƙushin da ya sha gudu taushi, ko da yake ba wanda ya faɗa.

Sambu bai tsaya cin nama ba. Ya ɗora Dulma a kan doki, ya ja su zuwa gida, Yanjin na biye. Sun yi nisa, ana jiyo yara a baya suna maimaita waƙar. Can Yanjin ta ce masa katakon nan dai bai taɓa shiga tukunyarta ba. Ya ce ya sani. Suka ci gaba da tafiya, suna tsayawa duk inda Ɗan Toka ya tsaya.

Ba wanda ya ƙara kawo wa Sambu doki horo. Ɗan Toka kuma, kada ku ce na yi muku ƙarya, bai taɓa cin tsere ba ko sau ɗaya. Amma sanyi ya zo ya wuce yana tsaye da ƙafafunsa, ya yi kiwon tumaki, ya ja kayan ƙaura shekara da shekaru. Da biki ya zagayo, wanda dokinsa ya zo na ƙarshe bai jira an tambaye shi ba, ya fito ya kama linzami, tun da an ga ana iya jin kunya a kwana lafiya. Daga wannan kwari abin ya bazu.

Shi ya sa har yau, in an yi tseren 'yan shekara biyu a bikin nan, ba a watsewa sai na ƙarshe ya iso. A kawo shi gaban taro a yi masa waƙa mai daɗi, a ce baɗi nasa ne, shi kuwa mai dokin yana tsaye a gefe, an ɗora masa laifin duka, yana murmushin dole. Ku tashi haka nan, bayana ya gaji.