Ragon da Ya Goge a Aljihu

An yi wani mutum a wani gari wanda ya gaji sana'ar yin kayan wasa daga wurin mahaifinsa. 'Yan raguna yake yi na roba, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba. Sunansu kayan wasa, amma ba yara ne suka fi sayensu ba. Manya ne masu furfura, waɗanda suke tara irin waɗannan abubuwa su jera a kabad mai gilashi, su kulle, su hana jikokinsu taɓawa. Har ƙungiya gare su. Kada ku yi musu dariya, na san abin da wasunku suke kullewa a ɗaki.

Abin da ya sa suke son ragunan nan shi ne hannun mahaifin, Baba Dogara. Shi ya sassaƙa mazubin tagulla da ake zuba narkakkiyar roba a ciki, guda ɗaya tak, bai kuwa yi wani ba har ya rasu. Ragon da ya fito daga mazubin nan, kana ganin gashinsa sili-sili, idonsa a buɗe, ƙahonsa ya naɗe ya ƙare da tsini kamar ƙaya. A ƙarƙashin cikin kowanne akwai sunan Dogara.

Ranar da aka binne tsohon, ɗan ya ɗauki ragon farko da ya taɓa fitowa daga mazubin ya sa a aljihu. Tun daga ranar bai rabu da shi ba. Ko a coci ko a kasuwa, in hankalinsa ya tashi sai ya sa hannu yana murza shi da babban yatsa. Da fari tsinin ƙahon yakan soke shi a cinya. Daga baya ya daina sukarsa, shi kuwa bai tambayi dalili ba.

Shekaru suka shuɗe, masu saye suka yi yawa, aiki ya fi ƙarfin hannunsa. Sai ya sayo injuna biyu. Na farko yana zuba roba a mazubi yana fitar da raguna. Na biyun na'ura ce mai ido, ragunan suna wucewa a gabanta a kan wani bel mai tafiya da su. Wanda ya yi daidai ta kunna koriyar wuta ya wuce, wanda bai yi ba ta kunna ja ta ture shi cikin kwando.

Injiniyan da ya haɗa ta ya ce masa, "Yallaɓai, ka ji da kyau. Na'urar nan ba ta san kyau ba, ba ta san muni ba. Samfurin da ka nuna mata shi kaɗai ta sani, da shi za ta gwada duk sauran. Wanne za ka ba ta?"

Mutumin ya ce, "Wannan ma abin tambaya ne?" Ya zaro ragon aljihunsa. "Ga na farko, daga hannun babana."

Labarin injunan ya kai kunnen ƙungiyar masu tarawa, hankalinsu bai kwanta ba. Shugabarsu, wata dattijuwa mai suna Mama Lidiya, ta aiko cewa za ta zo ta duba da idonta. In ragunan inji sun yi daidai da na dā, madalla. In ba su yi ba, za ta sanar wa kowa cewa ragunan Dogara sun ƙare tare da Dogara.

Mutumin ya tada inji. Ragon farko da injin ya fitar ya zo gaban na'ura, jar wuta, ya faɗa kwando. Na biyu ma haka. Kafin rana ta yi tsaka kwando ya cika ya zube, ko ɗaya bai wuce ba.

Ya kashe injin. Ya kira injiniya, injiniya ya duba ya ce na'ura lafiyarta ƙalau. Ya canja roba, ya rage wuta, ya ƙara wuta, duk a banza. Abinci ya daina shiga bakinsa. Da ya ji tsayuwar mota a ƙofa sai ya leƙa waje, yana tsammanin Mama Lidiya ce. Hannunsa yakan tafi aljihu neman abin murzawa, sai ya tarar da wayam, domin ragon yana cikin na'ura.

Sai ya ce a ransa, "Samfurin babana ba zai yi ƙarya ba, na'ura kuma ba ta yin son kai. Ashe mazubin ne ya tsufa." Ya ɗauko magagari da dalma.

Matarsa ta tarar da shi ya ɗora mazubin a kan benci. Ta ce, "Baban Tabita, me za ka yi? Ba mu da wani fa. Ka bari Mama ta zo ta gani tukuna."

Ya ce, "Ta ga me? Kwandon shara? So kike a ce a hannuna sunan babana ya mutu?"

Ta fita tana waiwaye.

Ya goga cikin mazubin kaɗan, inda layukan gashi suke. Ya gwada, jar wuta. Ya ƙara gogawa. Ya ɗiga dalma a ramin tsinin ƙaho ya toshe shi. Sai ga rago ɗaya ya wuce da koriyar wuta. Wayyo, da a nan ya tsaya ya yi tunani! Amma daɗin koriyar wutar nan ya ɗebe shi, ya ci gaba da gogawa yana gwadawa, har ya zama duk ragon da ya zo yana wucewa. Na cikin kwando kuwa ya juye su a tukunya ya narkar, don kada baƙuwa ta ga abin kunya. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Da Mama Lidiya ta iso, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya jera mata sababbin raguna. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙunshi. Rago ne wanda Baba Dogara ya ba ta da hannunsa, tun lokacin yana cikin gilashi, ba mai taɓa shi. Ta ajiye shi a tsakiyarsu.

Nata yana da gashi, yana da ido, ƙahonsa da tsini. Nasa kuwa sumul suke kamar sabulun da ya sha wanka.

Ta ce, "Ɗana, waɗannan na wane ne?"

Ya ce, "Mama, na'ura ta gwada su ɗaya-ɗaya da na farkon da Baba ya yi. Ga shi ma." Ya ciro samfurin ya miƙa mata.

Ta juya shi a tafin hannunta. "A ina kake ajiye shi?"

"A aljihuna, Mama. Ban taɓa rabuwa da shi ba."

"Na ga alama," in ji ta. "Ka ƙaunace shi har ka cinye shi."

Nan take ya gane. Waɗanda na'ura ta yi ta turewa su ne na gaskiya. Ya ruga wurin tukunya, ya tarar da roba ta daskare dunƙule guda. Ya ɗaga mazubin ya duba cikinsa, ga sawun magagari ko'ina, abin da aka goge kuwa ba ya dawowa. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ya yi kuka kamar ranar jana'izar.

Mama Lidiya ta bar shi ya yi mai isarsa. Sa'an nan ta ce, "Sunan Dogara ba zai hau kan waɗannan ba. Amma zan ba ka aron nawa, ka nemi masassaƙi ya yi sabon mazubi da shi. Zai ɗauki lokaci, ban kuma ce zai kai hannun babanka ba. Sharaɗina ɗaya ne. Ka dube shi kullum, amma ba zai shiga aljihunka ba."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Na'ura mai ido ita ce lamirinka. Lamiri yana aiki da aminci, amma da samfurin da ka ba shi yake gwaji. Ragon aljihu shi ne abin da ka riƙe a ka na Maganar Allah tun kana yaro a ajin Lahadi. Gaskiya ne, daga wurin Uba ya fito. Amma shekara da shekaru kana murza shi da uzuri. Dā in ka yi gulma sai ka ji suka, yanzu sunanta "neman addu'a domin wance". Dā in ka danne gindin mudu ba ka iya kallon mai saye, yanzu ka ce haka kowa yake yi. Akwai ɗan'uwanka da ba ka gaisarwa, kuma kana zuwa cin Jibin Ubangiji hankali kwance. Ba rana ɗaya tsinin ya tafi ba, shi ya sa ba ka lura ba.

Mazubin kuwa shi ne zuciyarka da gidanka. A nan ne tsoro yake kama ni. Mutumin nan ba mugu ba ne, yana ƙaunar mahaifinsa, kuma da sunan kare mahaifin ya lalata abin da mahaifin ya bari. Haka wani yakan ga 'yarsa ta ƙi yin ƙarya don ta rufa masa asiri, sai ya ce yarinyar ta cika tsauri, ya sa magagari. Haka wata takan ji zuciyarta ta motsa ta je ta nemi gafara, sai ta ture abin cikin kwando ta ce rauni ne.

Kada ka ce mini, "Ai zuciyata ba ta zarge ni ba." Mutumin nan bai taɓa cin tuwo da daɗi kamar ranar da ya gama lalata mazubin ba.

Na asalin yana nan bai goge ba, domin ba a aljihun kowa yake ba. Ubangiji Yesu bai canja ba, Maganarsa kuma tana kan teburinka, ko da ƙura ta rufe ta. Yau in ka koma gida, buɗe ta, ka ciro na aljihunka ka ajiye kusa da ita, tun Mai dubawa bai iso ƙofa ba. In ka karanta ka ji wani wuri ya soke ka, kada ka nemi magagari. Tsinin ƙahon ne, haka Uba ya sassaƙa shi.