Ungozoma da Reshen Wardi

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Kaka, ta wuce ta bar mu lafiya.

To, ku matso, ku bar tsokanar juna. Wanda ya yi gyangyaɗi ba zan maimaita masa ba.

A wani gari can ƙetaren kogi an yi wata ungozoma, ana ce mata Inna Tasalla. Rabin mutanen garin ita ta yanke musu cibi. Mace ce mai zafin nama, ba ta iya zama wuri ɗaya, ko magana ake yi mata ba ta bari a kai ƙarshe. Mijinta Malam Barmo ya tsufa, idanunsa sun tafi. A tsakar gidansu akwai wata bishiyar wardi da ya zo da ita daga gabas tun yana saurayi, zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa. Duk ƙasar babu irinta. Ku ba ku san ƙamshin wardi ba. Ni sau ɗaya na taɓa ji, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kullum da hantsi a gindinta Malam Barmo yake zama, da ƙamshinta yake sanin gari ya waye.

Ana nan, ana nan, sai gara ta shiga saiwar. Sai ganye ya kama zuba. Sai bishiya ta bushe ƙayau, saura rassa uku masu ɗanyen jiki. Malam Barmo ya shafa ya ji, ya koma ɗaki ya kwanta.

Ya ce, "Tasalla, tare muka shigo garin nan da bishiyar nan, tare za mu fita."

Ta ce, "Haba Malam, daina wannan magana. Reshe ne, sai in dasa wani."

Sai ta ɓalle reshe ɗaya da hannu, ta soka a ƙasa a tsakiyar rana kamar mai dashen rogo, ta kwarara masa ruwa har ya yi taɓo. Kwana uku ya yi baƙi ya mutu. Ran nan Malam Barmo ya bar cin tuwo.

Sai ta zauna a gindin bishiya tana kuka. Sai ta ji wata 'yar murya. "Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam. Wane ne?"

"Ni ne ƙudan zuma. Kakannina a furen nan suka ci suka sha. Ba ɓalle shi ake yi ba, yanka shi ake, taƙi ɗaya, a ƙarƙashin gaɓa. Ki tsige ganyen ƙasa ki bar biyu a sama. Ki tsoma gindin a zuma kada ya ruɓe, ki barbaɗa toka kada tururuwa ta biyo zaƙi. Ki dasa a inuwa, cikin yashi da tsohon taki. Sannan babban abin shi ne..."

Ina! Tuni ta kai bakin zaure tana neman zuma. Sauri ya haifi nawa, yara.

Sai ta yanki reshe na biyu, ta yi duk yadda aka ce. Amma kullum gari ya waye sai ta tumɓuke shi ta duba ko ya yi saiwa, ta mayar. Gobe haka, jibi haka. Ran kwana tara ta ja, sai ta ji ɗan ƙaras. Ta duba, ga wani farin zare siriri ya tsinke ya zauna a ƙasa. Saiwar ce, ta fara fitowa ke nan. Reshe ya yanƙwane ya mutu. Ran nan Malam Barmo ya bar shan fura.

Saura reshe ɗaya. Tsoro ya kama Inna Tasalla, ta kasa taɓa shi.

Sai aka kira ta gidan wata yarinya mai haihuwar fari, sunanta Kyauta, a yi mata wankan jego. Tana shiga ta tarar da ita ta kwance jariri tana taɓa cibinsa.

"Ke! Me kike yi?"

"Inna, dubawa nake ko ya kusa faɗuwa."

"Dubawar me? An raba shi da uwarsa jiya jiyan nan, ki bar shi ya huta mana! Cibi ba a ja masa, da kansa yake faɗuwa. Ki rufe shi, ki zauna a ɗaki sai kin yi arba'in. Hannun nan naki shi zai..."

Sai Inna Tasalla ta tsaya cak. Maganarta ta dawo mata a kunne. Ta dubi hannunta, ta dubi jariri, sai kunya ta rufe ta. Ta gama wankan, ta nufi gida.

Ta wanke hannu, ta wasa aska, ta yi bismillah, ta yanki reshen ƙarshe kamar yadda take yanke cibi. Ta lasa masa zuma, ta shafa masa toka, ta dasa shi a inuwar rumbu. Ta kifa masa kwando, ta ce, "Kai ma jego za ka yi. Ba mai ganinka sai arba'in."

Safe da yamma sai ta yayyafa ruwa a kan kwandon ta wuce. Hannunta na ƙaiƙayin dubawa, sai ta zauna a kan hannun. Kwana goma, Malam Barmo sai cokali biyu na koko. Kwana ashirin, sai cokali ɗaya. Kwana talatin, muryarsa da ƙyar take fita.

"Tasalla, ya kama?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ke ce ba ki sani ba?"

"Ban duba ba."

Ya ce, "Ke Tasalla? Wata guda ba ki duba ba? To, ba ni kokon nan. Sai na ga ƙarshen wannan abin al'ajabi."

Ran kwana arba'in, rana na ɓullowa, sai ga ƙudan zuma sun rufe kwandon, ba a ganin ko tsinke ɗaya, suna wani irin guna-guni kamar masu tasbihi. Matan maƙwabta suka shigo suka tsaya cirko-cirko. Inna Tasalla ta matso. Ƙudan suka dare mata hanya, ko ɗaya bai harbe ta ba. Ta ɗaga kwando.

Allah mai iko! Ga ganye biyar jajaye, laushi kamar tafin jariri. A can sama ga wani ɗan ƙulli. Suna kallo, sai ƙullin ya tsage, ya buɗe a hankali, ya buɗe, har fure ya fito. Sai ƙamshi ya tashi. Ya haura katanga, ya bi lungu-lungu. Masu daka suka tsaya da taɓare a sama. Jariri na kuka ya yi shiru. Matan maƙwabta kuwa sai hawaye.

Sai aka ji motsi. Ga Malam Barmo ya fito da ƙafarsa, yana bin bango, yana bin ƙamshi. Ya durƙusa, ya miƙa hannu. Sai ƙaya ta soke shi a yatsa, har jini ya tsatso. Sai ya kece da dariya, yana dariya yana kuka.

Ya ce, "Sabuwar ƙaya ce, Tasalla! Mai rai ce!" Ya tsotse yatsansa, ya juyo. "Wai ba a ɗora tuwo a gidan nan ne?"

Ƙurunƙus kan kusu, ta bi ta rariya ta tafi. Abin da kuka dasa, ku ba shi kwanakinsa, yawan dubawa ba ya sa saiwa. Ku tashi ku kakkaɓe tabarmata.