Malam Hambali Tsakanin Shuɗi da Ja

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekaru da dama baya, lokacin da kwamfuta ta fara shiga hannun talaka. Malam Hambali ake ce masa. Ku saurara da kyau, 'yan'uwana mata. Labarin kasuwar maza ne, amma mu masu renon 'ya'ya ya fi shafa.

Malam Hambali yana da ɗan shago a layin masu kwamfuta, yana sayarwa, yana gyara. Matarsa ta rasu. 'Yarsa guda ɗaya tana aure a gari mai nisa, sai salla-salla take zuwa. Ɗaki ɗaya yake haya. Da safe shi zai dafa shayinsa, shi zai wanke kofin. In ya dawo da yamma ba mai ce masa sannu da zuwa, sai ƙarar makullinsa.

To, a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu da bai kai faɗin kwalin ashana ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta, 'yan kasuwa furosesa suke ce masa. Kamfani biyu ne suka yi suna wajen ƙera shi, kowanne da sitikar da yake mannawa a jikin kwamfuta, ɗaya shuɗiya, ɗaya ja. Saboda kowane ɓangare da dilan da ke kawo masa kaya, sai layin ya rabu biyu. Hannun dama 'yan shuɗi, hannun hagu 'yan ja, kwata ce kawai a tsakani. Kullum ana jifan juna da magana ta saman kwatar nan.

"Nafi'u!" in ji Alhaji Sallau, babban 'yan shuɗi. "A ara mana kwamfutarku ɗaya mu soya ƙwai mana, tunda zafinta ya fi na murhu!"

Nafi'u, ɗan ja, wanda shagonsa ke kallon na Alhaji, sai ya ce, "Alhaji, ku da kuke sayar wa bayin Allah sitika a kuɗin babur? Ku ji tsoron Allah!"

A yi dariya, kowa ya koma shagonsa.

Malam Hambali a hannun dama yake. Kullum bayan sallar azahar ana kawo wa 'yan shuɗi babban tire na shinkafa da wake da mai da yaji, a ajiye a ƙofar shagon Alhaji Sallau, mutum tara su kewaye shi. Ku riƙe wannan. A duk tsawon yini, a duk faɗin garin nan, nan ne kaɗai hannun Malam Hambali ke haɗuwa da hannun wani a kwano ɗaya. Nan kaɗai ake cewa, "Malam, matso da naman nan gabanka." Nan kaɗai wani ke lura in ya yi aski.

Tiren nan kuwa yana da doka, ba a rubuce ba, amma kowa ya san ta: wanda ya shigo ɓangarenmu, a ɓangarenmu zai saya. In ba ka da abin da yake so, ka miƙa shi ga ɗan'uwanka na gefe. Ba a tsallaka kwata da mai saye.

Ana nan, ana nan, wata ranar Talata da hantsi, sai ga wata mata da goyo ta yi sallama. Sunanta Balaraba. Mijinta direba ne, ya yi haɗari, yana kwance a gida. Ita ke riƙe da gidan da aikin katin biki da kalandar makarantu, a kan kwamfutar ƙanenta, shi kuma ya samu aiki zai tafi da abarsa. Adashinta na shekara biyu ta kwasa ta zo.

"Malam, mai shuɗiyar sitika nake so," in ji ta. "An ce mini in ba ita ba, kada in saya."

Malam Hambali ya jawo mata kujera. Ya ce, "Baiwar Allah, me za ki yi da ita?"

Ta gaya masa. Ya ce, "Hotuna nawa kike sawa a kalanda guda?" Ta ce wani lokaci yara arba'in, kowa da hotonsa. Ya ce, "A ina za ki riƙa aikin, akwai wuta?" Ta ce akwai, ba laifi. Ya tambayi abin da ke hannunta, ta faɗa.

Yana da wata mai shuɗiyar sitika daidai kuɗinta, sabuwa fil, ta yi wata huɗu a kan kanta ba a saya ba. Ya sauko da ita, ya kunna, ya buɗe irin aikin da ta faɗa. Ta buɗe, amma tana jan ƙafa. Ita Balaraba ba ta lura ba, sai shafa murfin take yi tana cewa, "Masha Allah." Shi ya lura. Ya san za ta yi aikin, amma abin da za a gama kafin la'asar sai ya kai magariba. Ya kuma san a tsallaken kwata, a shagon Nafi'u, akwai wata mai jar sitika, kuɗinsu ɗaya, wadda aikin hoto ba ya ba ta wahala.

Ku duba inda jarrabawar take. Da ya ce mata, "Za ta yi," bai yi ƙarya ba. Za ta yi ɗin. Ba wanda zai kama shi, ko ita kanta ba za ta taɓa sani ba, za ta ɗauka haka kwamfuta take.

Yaron da ke bayanta ya farka ya fara kuka. Ta jijjiga shi, ta ce, "Malam, ka duba mini da kyau don Allah. In wannan ta ba ni kunya, ba ni da ta biyu."

Malam Hambali ya rufe kwamfutar a hankali. Ya ce, "Wannan ba ta da aibi. Da rubutu kawai za ki yi, da na ce ki ɗauka ki tafi. Amma aikinki na hoto ne, kuma a kuɗin da ke hannunki, bana dai, ta 'yan ja ta fi dacewa da ke. Ga shagon can, mai koren ƙyaure."

"Amma an ce mini..."

"Wanda ya gaya miki, ya tambaye ki aikinki?"

Ta ce, "A'a." Ta leƙa tsallaken, ta ga maza cike da benci, sai ta juyo. "Malam, ban san kowa a can ba. In suka ba ni wata daban, ba zan gane ba. Ka taimaka ka raka ni."

Ku saurara, nan ne wurin. Da ta tafi ita kaɗai, da maganar ta mutu a cikin shago. Rakiyar ita ce kowa zai gani. Malam Hambali ya dubi ƙofar Alhaji Sallau, inda aka riga aka shimfiɗa tabarmar abinci. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa takalminsa, ya ce, "Mu je."

Ya tsallaka kwata, mace da goyo tana bin sa. Layin nan ya yi tsit. Nafi'u kansa baki buɗe ya karɓe su. Malam Hambali ya kunna kwamfutar, ya tabbatar abin da ke cikinta shi ne abin da sitika ta faɗa, ya gwada batir, ya gwada kowane maɓalli, ya sa aka rubuta mata takardar saye. Ta yi godiya, ta yi addu'a, ta tafi. Bai ƙara ganinta ba har ya bar duniya.

A ranar, bayan azahar, ya wanke hannu ya nufi tire. Ya tarar mutum takwas sun zauna gwiwa na gugar gwiwa, ba ko inda za a sa ƙafa. Ya yi sallama. Aka amsa, kai a sunkuye.

Alhaji Sallau ya ce, "A'a, Malam Hambali! Ai mun ɗauka can aka zuba da kai."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Ba dai wanda ya matsa. Ya tsaya da jiƙaƙƙen hannu har ruwan ya bushe, ya ce, "A ci lafiya," ya koma shagonsa.

'Yan ja suka ga abin da ya faru, suka kira shi tirensu, suna murna sun yi babban kamu. Ya ci da su mako biyu. Sai wani malamin duba makarantu ya zo shagon Nafi'u, ya tarar da Malam Hambali a zaune, ya nemi shawararsa. Aikinsa yawo ne ƙauye-ƙauye inda ba wuta, abin da yake so batir mai daɗewa. Malam Hambali ya yi tambayoyinsa, ya ce a cikin kayan da ke layin nan, wata mai shuɗiyar sitika ce ta fi dacewa da shi, ya nuna masa shagon.

Nafi'u ya ce, "Haba Malam! Wai kai na wa ne?"

Ya ce, "Na wanda ya tambaye ni ne."

Kashegari nan ma gwiwa ta haɗu da gwiwa.

Sai ya sayi ɗan kwano mai murfi. Kullum ya aika a zuba masa, ya zauna bayan kanta, tsakanin matattun kwamfutoci, ya ci shi kaɗai. Yana jin dariyar dama, yana jin dariyar hagu. Wani lokaci ya ji an faɗi abin dariya, ya murmusa, sannan ya tuna ba da shi ake ba. Shekara ta farko zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara. Da ya dawo, maƙwabcin shagonsa ya ce, "Au, ba tafiya ka yi ba?" Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi. Akwai ranar da ya buɗe kwanon, ya rufe, bai iya ci ba. Amma duk wanda ya shigo ya ce, "Malam, shuɗi ko ja?" amsarsa ɗaya ce: "Me za ka yi da ita?"

Shekara uku a haka.

Ran nan da damina aka tsuge da ruwa tun azahar, kowa ya ja ƙyaure ya shige ciki, layi ba kowa. Malam Hambali ya buɗe kwanonsa ke nan, sai ya ji sallama ƙasa-ƙasa. Alhaji Sallau ne, rigarsa sharkaf, yana waiwaye.

Suka gaisa. Alhaji ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar kasuwa. Can ya ce, "Yarinyar wajena, Nusaiba, ta samu jami'a. Nisa ne. Uwarta ta ce a saya mata kwamfuta." Ya share ruwan fuskarsa. "Wacce ka ga ta dace?"

Mutumin da ya yi shekara ashirin yana rantsuwa da shuɗi! Shagonsa cike da kaya, amma da abin ya zo kan 'yar cikinsa, bai yarda da bakinsa ba.

Ga dama ta samu. Malam Hambali yana iya cewa ja, ya sa Alhaji ya tsallaka kwatar nan da ƙafarsa a gaban kowa. Sai ya jawo masa kujera. Ya ce, "Me za ta karanta, Alhaji? Ɗakin kwanansu akwai wuta? Za ta riƙa yawo da ita a jaka ne, ko ajiyewa za ta yi?"

Alhaji ya amsa ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗalibi.

Malam Hambali ya ce, "Wadda ta dace da ita tana shagonka. Kanta ta biyu daga sama, 'yar siririyar nan mai ruwan toka. Ba ta da nauyi, batirinta zai kai ta yini. Ka kawo in duba mata ita kafin ta tafi."

Alhaji ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Ka tabbata?"

"Da 'yata ce, ita zan ba ta."

Alhaji ya miƙe. Idonsa ya faɗa kan ɗan kwanon nan da cokali guda. Malam Hambali ya tura kwanon gabansa, ya ce, "Bismilla, Alhaji."

Alhaji ya dubi kwanon, ya dubi layi. Ruwa ya fara tsagaitawa, an fara buɗe ƙyamare. Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Ya fita da sauri, ya bi gefen bango.

Washegari aka kawo tire, mutum takwas suka kewaye shi. Ba wanda ya matsa.

Na san kuna jira in ce daga baya ya yi arziki, ko sun zo sun ba shi haƙuri. Ba a gaya mini haka ba, ni ma ba zan ƙara muku ba. Sakamakonsa yana wurin Wanda ba Ya manta ko ƙwayar zarra. Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan: shawara amana ce. Wanda ya tambaye ka, ya ɗora rayuwarsa a tafin hannunka, kuma haƙƙinsa ya fi haƙƙin ƙungiyarka, ya fi haƙƙin cikinka.

Mu iyaye mata, kullum muna cikin neman irin Malam Hambali. Muna neman sa a kantin magani in jikin yaro ya yi zafi. Muna neman sa in za mu zaɓa wa yaro makaranta. Muna so a gaya mana gaskiya ko da mai faɗar zai yi asara. To, wa zai haifa mana shi, wa zai rene shi, in ba mu ba? Ranar da ɗanki ya dawo yana kuka, abokai sun daina wasa da shi don ya ƙi rufa musu ƙarya, kada ki ce masa, "Kai ma da ka yi shiru." Ki zaunar da shi, ki zuba abinci a kwano ɗaya, ki ci tare da shi, ya san gaskiya ba ta raba shi da kowa da kowa ba.

Sannan ki duba unguwarku. Akwai wadda aka daina gayyata biki don ta faɗi abin da ba a so ji ba, alhali ke kanki wurinta kike zuwa a ɓoye in abu ya dame ki. Kada ki yi irin ta Alhaji Sallau. Ki je da rana tsaka, ta ƙofar gaba, in ta ce bismilla ki wanke hannu ki zauna.

Allah Ya ba mu 'ya'ya masu riƙon amana, Ya ba mu ƙarfin zuciyar tsayawa tare da su.