Ƙarfen Tsamiyar Bakin Gulbi

Mai son ji ya matso kusa, domin ba na maimaita magana. Zan faɗi abin da ya gudana tsakanina da jikana Ɗayyabu, dagacin Kwarin Maje, a tsakiyar wata damina.

Ɗayyabu ba maƙeri ba ne, ba mu kuwa gaji ƙira ba. Sha'awa ce ta kama shi bayan an naɗa shi. Ya kafa 'yar rumfa a bayan gida, ya sayi zugazugi da uwar maƙera, in ya sallami masu ƙara sai ya tuɓe rawani ya zauna ƙera wuƙaƙe. Ba ya sayarwa. Ƙota yake yi musu da ƙahon sa, ya jera a bango yana kallo. Ban taɓa hana shi ba, don gara ya zauna gaban wuta da ya zauna gaban 'yan gulma.

Ran nan da hantsi na fito zan duba gyaɗata, na ɗaga kai a gindin tsamiyar bakin gulbi, sai na ga sarƙa tana lilo ba komai a jikinta. Guntun ƙarfen titin jirgi da ke rataye a nan tun ina amarya, babu shi. Gulbin namu mayaudari ne. Rana na ƙwallewa a nan, ruwan da aka yi can tudu ya gangaro kamar bango. Wanda ya hango shi daga tsamiya sai ya bugi ƙarfen, masu wanki da masu ɗibar yashi su fice. Na tsaya baki buɗe. Mazauna inuwar suka ce dagaci ne ya aiko aka kwance.

Na same shi a rumfa, ƙarfen a ƙasa, zarto a hannunsa, har ya fara ci.

Ya ce, "Amaryata, yau sammako aka yi mini?"

Ban yi dariya ba. Na tambaye shi abin da yake yi. Ya shiga yi mini bayani da murna: wai rodi laushi gare shi, da an yanka nama sau ɗaya ya dakushe, magagari akwai kaifi amma karyewa yake kamar tangaran, sifirin tsohuwar mota kuwa ya tsage masa da ya tsoma shi a ruwa. Wannan dai, in an buga shi, ƙararsa ba ta mutuwa da wuri, alamar ƙarfe na gari ke nan. Kuma an daɗe ba a buga shi ba. Zai sa a rataya tsohuwar garwa a madadinsa.

Na ce, "Ajiye zarton, ranka ya daɗe. Ka ji labarin Maigari Jatau da sandar rijiya." Ya ajiye, ya ce yana ji.

Na ce, a wani gari na arewa an yi wani maigari, Jatau, mai irin ciwonka. Ya gwada kowane ƙarfe bai gamsu ba, sai idonsa ya faɗa kan sandar ƙarfen da aka gicciya a bakin rijiyar gari, wadda ake ɗaura igiya a jikinta. Ya kira Barmo, tsohon da ke yasar rijiyar, ya ce a cire, a sa gungumen itace. Barmo ya ce in an ba shi izini zai ba da labarin Nomau maharbi. Jatau ya ce ya faɗa.

Barmo ya ce, "An yi wani maharbi, Nomau, yana da tarkon ƙarfe guda, da shi yake ciyar da gidansa. Kullum in ya zo fiɗa sai wuƙarsa ta ba shi haushi. Wata rana ya lura ƙarfen da ke sa tarkon ya ɗame ya fi kowane ƙarfe kyau. Ya cire, ya ƙera wuƙa. Aka ce in ka ɗora mata gashi rabewa yake. Washegari ya rataya ta ya shiga daji, ya tsaya inda ya saba ɗana tarko, sai a nan ya gane abin da ya yi. Rani ya wuce 'ya'yansa na shan miyar kuka tsura, wuƙar tana bango tana walƙiya. Maigari, kafin ka tambayi ƙarfe ko zai yi kaifi, tambaye shi aikin da yake yi yanzu."

Jatau ya yi dariya, ya ce wannan wautar talaka ce, shi ai zai sa madadi. Aka cire sandar, aka sa itace. Wuƙa ta fito yadda yake so, baƙi har roƙo suke a nuna musu. Itacen kuwa ya riƙe, ya riƙe, gara tana cin cikinsa ba wanda ya sani. Da lokacin yasa ya zo Barmo ba shi da lafiya, sai Tanimu, ƙanen Jatau uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce shi zai shiga. Ya kai rabi gungumen ya karye. Da aka fito da gawarsa aka zo yanka likkafani, aka nemi abu mai kaifi a gidan. Wani da bai san komai ba ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar nan.

Na ce, "Jatau yana tsaye yana kallo. Shi ma madadi ya sa, Ɗayyabu. Kamar garwarka."

Jikana, zufa na bin gemunsa, ya dubi inda zarto ya ci, ya sa yatsa a ciki. Da ya buɗe baki muryarsa ta canza. Ya ce, "Iya, na riga na ji masa rauni. In kuma ba ya ƙara yanzu fa?"

Na ce zato ba zai gaya mana ba. A ɗauka a mayar, ni zan sauka cikin gulbi. Kunnena ya fi na kowa nauyi a garin nan. In na ji, kowa zai ji.

Shi da kansa ya kama gefe ɗaya, ba rawani, aka kai aka rataya. Na dogara sandata na gangara har inda mata ke wanki a kwarin yashi. Ban gaya wa kowa komai ba. Na juya na ɗaga masa hannu.

Ya buga. Ƙarar ta zo da 'yar shaƙewa, amma ta zo. Kafin ta mutu gulbi ya hargitse. Wata ta fizgi ɗanta da hannu ɗaya tana ja, zannuwa suka zube a yashi, mai jaki ya bar jakinsa da mangala. Ba wanda ya tsaya duba ko akwai hadari a sama. Wata yarinya da ban ko san sunanta ba ta sunkuya ta goya ni kamar jaririya, ina cewa ta sauke ni, ba ta ji, sai da ta dire ni a gindin tsamiya tana haki.

Mutane suka waiga, ba ruwa. Suka juyo suka ga dagacinsu da guduma a hannu, fuskarsa kamar wanda ya ga gawa. Ya dubi yaran da ke kuka, ya dubi matar da ƙafarta ke jini, ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ya durƙusa a gabana, a gaban talakawansa, ya ce, "Na ji, Iya. Na ɗauka ƙarfen nan zaman banza yake. Daga yau ba na sa wa wuta ƙarfen da wani ke jingine da shi, ko da a ce wuƙata ba za ta yanka kuɓewa ba."

Na ce ya tashi, mutane na kallo. Ya kuma sa a kamo wa mutumin nan jakinsa.