Jan Hasken da Malam Kyari Ya Jira

Akwai wani ɗan Babura, Zubair, da ya tafi karatun kimiyya wata ƙasa mai nisa. Sunan garin ya kuɓuce mini, amma an ce dusar ƙanƙara na zuba a can.

Aikinsa shi ne samar da wani ɓawon ma'adini, siriri ƙwarai, kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya. Idan an haska shi da fitilar gwaji, sai ya mayar da jan haske. Amma fa sai an shirya shi da kyau.

A gida, idon mahaifinsa, Malam Kyari, yana ta dushewa. Kullum a waya sai ya ce, "Zubairu, ka zo mini da hoton hasken nan tun ina gani."

Malamin da ke kula da karatun Zubair kuwa ya ce babu tafiya sai ɓawon ya haska.

Abokin karatunsa Zaharadeen, ɗan Roni, da salatif yake ɓare nasa daga jikin dutsen ma'adinin, a hankali, kamar mai ɓare albasa. Zubair ya yi masa dariya.

"Ka ƙetare teku don ka yi wasa da salatif?"

"Bar ni da ƙauyancina," in ji Zaharadeen. "Kai dai ka bar tandarka ta huce."

Zubair a tandar ɗakin gwaji yake toya nasa. Kewar gida ta hana shi jira, kullum sai ya buɗe ta da zafinta. Ɓawon ya yi ta tsagewa, hasken ya ƙi fitowa. A gida damina ta wuce, kaka ta wuce.

Da ya gaji, ya je ya zauna kusa da Zaharadeen, kansa a ƙasa. Shi kuwa sai ya miƙa masa salatif. A makon nan ɓawon ya haska.

Zubair ya iso Babura, ya durƙusa, ya sa hoton a hannun mahaifinsa. Tsohon ya shafa takardar, ya juya ta a kife.

"Wane launi ne?"

"Ja ne, Baba. Kamar garwashin murhun Inna."

Malam Kyari ya yi murmushi.

"To, na gani."

Darasi: Gaggawa ita ke tsawaita hanya, kuma hanyar da ka raina wataƙila ita ce ta gida. Ku tura wa wanda ake jira a gidansu.