Jakin Dawa Ya Zo Ta'aziyya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kunne na jira.

To, ku matso. Wannan tun zamanin da daji ke farawa daga bayan danga ne, zamanin da jakin dawa, mai zanen nan fari da baƙi, ke kiwo a ƙasar nan kamar akuya. Ku ba ku tarar ba. Ni ma a bakin kakata na tarar, amma har yau ina kewar zamanin kamar na zauna a cikinsa.

Akwai wani tsoho, Baba Shekarau, yana da doki guda baƙi wuluk, ana ce masa Akawal. A gindin turken dokin nan Kurege ya haƙa raminsa. Shi Akawal ba ya iya ci sai da ɓari. In an zuba masa dawa, ya ci biyu ya zubar da ɗaya, Kurege ya tsince. Safe ya tsince, yamma ya tsince, har ya yi wuya, ƙofar ramin ta soma yi masa kaɗan.

Ana nan, ana nan, tsufa ya ka da Akawal, ya mutu. Tsoho ya zauna a gindin turke ya yi tagumi. Kurege ma ya yi tagumi a bakin rami, amma shi ƙwarya yake tunawa. Kwana ɗaya babu dawa, kwana biyu babu dawa. Ya ce a ransa, in dai ba a sake tsayar da wani baki a turken nan ba, to shi ma a haƙa masa kusa da Akawal.

Sai ya shiga daji, ya tarar da Jakin Dawa yana fama da busasshiyar ciyawa.

Ya ce, "Sannu da wahala, babban yaya. Ka taɓa cin dawa da dusa, an barbaɗa kanwa?"

Jakin Dawa ya ce, "A ina, kai ɗan tsurut?"

"A gidan ɗan'uwanka doki. Ya rasu. Ka zo a matsayin ƙaninsa, ka yi ta'aziyya. Mai zaman makoki ba a barinsa da yunwa. Ka ci biyu, ka zubar mini da ɗaya."

"Zanen jikina fa?"

Kurege ya ce, "Ai da sauƙi." Ya kai shi wata tsohuwar marina, ya tsoma shi, ya fito duhu-duhu.

"Gezata fa? Ta doki kwanciya take yi, tawa a tsaye take kamar tsintsiya."

"Ai da sauƙi." Ya jiƙa ƙaro, ya shafe gezar, ya danne ta.

"Wutsiyata fa? Ta jaki ce, gashi a baki kawai."

"Ai da sauƙi." Ya tsefe rama, ya ɗaura masa.

"To muryata? Ni ban iya haniniya ba. In na buɗe baki, haushi nake yi kamar kare mai shaƙuwa."

Kurege ya ce, "Wannan ma da sauƙi. Ka rufe bakin, sai in za ka ci."

Suka iso. Kurege ya durƙusa ya ce, "Baba, ƙanin marigayi ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo gaisuwa. Baƙin ciki ya ɗauke masa magana, kuma ya ce kada a ɗaure shi, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba."

Tsohon nan idonsa ya yi rauni. Ya miƙa hannu zai shafa goshin baƙo, baƙo ya kauce ya yaƙe haƙora. Tsoho ya janye hannu, ya ce, "Allah sarki. Sannu da zuwa. Allah ya ba mu haƙuri." Ya shiga rumbu ya ciko ƙwarya.

Jama'a, Jakin Dawa ya ci. Ɗan daji ne, bai san ana barin komai don gobe ba, balle don maƙwabci. Ya cinye, ya lashe ƙwarya, ya bi ƙasa ya tsince wadda ta faɗi. Kurege ya yi tari, Jakin Dawa bai duba ba. Kurege ya ja shi a ramar wutsiya, shi kuwa ya kai masa harbi. Safe ya lashe, yamma ya lashe, rumbun tsoho yana ta yin ƙasa, Kurege yana ta haɗiyar yawu.

Ranar da aka yi bakwai, Baba Shekarau ya ce, "Kurege, gaya wa baƙonmu yau za a raba gado. Marigayi bai bar ɗa ba, ƙaninsa ne magaji. Ba zan ci haƙƙin kowa ba."

Kurege ya ji gado, sai rumbu ya faɗo masa a rai. Ya ce, "Baba, ni ne wakilinsa. Duk abin da za a ba shi, ta hannuna."

"Madalla. Hau bisa bayansa ka riƙe masa."

Kurege ya ɗare. Jakin Dawa ya tsaya cak, ya lumshe ido yana jiran dukiya. Tsoho ya fito da sirdi, ya aza, ya ja igiya ya tsuke ciki. Ya ce, "Wannan na yayanka ne, shekara ashirin yana ɗauke da shi." Ya ɗauko linzami. "Wannan ma nasa ne. Buɗe baki."

Jakin Dawa ya buɗe, a zatonsa kanwa ce. Ƙarfe ya ji a kan harshe.

Ai sai ya manta da makoki. Ya saki haushin nan nasa, ya tofar da linzami, ya watsa ƙafafu sama, ya fasa danga ya nufi daji, Kurege na maƙale da sirdi yana salati. Suka faɗa rafi, shuni ya bi ruwa, ƙaro ya narke, geza ta miƙe, rama ta tafi abinta. Suka haye da zane fari da baƙi tar. Jakin Dawa ya yi birgima ya yar da sirdi, ya cafke Kurege a wutsiya. Jakin Dawa kuwa in ya ciza ba ya saki.

Kurege ya ce, "Riƙe ni da kyau, yaya, kada in gudu. Baba na tafe, ba a gama rabo ba. Saura bulala, saura ƙaimi. Ya rantse ko ina magaji ya shiga sai ya kai masa haƙƙinsa."

Jakin Dawa ya saki. Ya yi kudu da gudu, ya kwashi danginsa, har yau ba su dawo ba. Shi ya sa ba ku taɓa ganinsu ba.

Kurege ya jawo sirdi ya koma gida, jiƙe, wutsiya a tauye, ga yunwar kwana bakwai. Ya soma shirya ƙarya. Tsoho ya ce, "Bar ta, ɗan nan. Tun ranar farko na sani. Doki in ka miƙa masa hannu, kansa yake kawo maka."

"To Baba, me ya sa ka ciyar da shi?"

"Ba a korar mai ta'aziyya. Kuma ni ƙarar taunar nan nake so in ji a turke. Gidan ya yi mini shiru."

Kurege ya dubi turken. Sai yanzu ya ji mutuwar Akawal ta taɓa shi a wani wuri da ba ciki ba.

Tsoho ya shiga rumbu ya ɗebo tafi guda, ya zuba a gindin turke. Ya ce, "Ci. Amma ka tauna da ƙarfi."

Kurege ya ci, ya tauna da ƙarfi, hawaye na zuba. Tsoho ya jingina da turke ya rufe ido yana saurare.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a turke. Duk wanda zai je gaisuwar mutuwa don ƙwarya, ya fara tambayar abin da mamacin ya bari.