Maɓallin da Ke Gefen Gadon Baba

Akwai wani mai haɗa manhaja da abokan aiki suka laƙaba wa Yanzu-Yanzu, don bai taɓa zama ya ƙarasa aiki ba.

Mahaifinsa ya tsufa, shi kaɗai a gida tun rasuwar matarsa. Maimakon ya riƙa leƙa shi, sai Yanzu-Yanzu ya maƙala masa wata 'yar na'ura mai maɓalli a gefen gado. Ya ɗora mata wata ƙaramar manhaja da na'urori ke aika wa juna gajerun saƙonni da ita. Da Baba ya danna, sai wayar ɗan ta nuna: "Lafiya lau."

To, manhajar tana iya riƙe saƙon ƙarshe ta yi ta nuna shi. Tana kuma iya yin shela idan na'ura ta mutu. Gogan naku ya kunna na farkon. Na biyun kuwa, wai sai ya samu sarari.

Wata rana yayarsa, da ke aure nesa, ta kira shi.

"Kai, yaushe rabonka da Baba? Wayarsa ba ta shiga."

"Haba Yaya, kin fiya tsoro! Ga shi nan ina gani, lafiya lau."

Ashe batirin na'urar ya daɗe da mutuwa. Tsohon saƙo yake ta kallo yana jin daɗi.

Telan da ke maƙwabtaka da Baba ne ya ga ƙofa ta wuni a rufe, ya ɓalle ta, ya tarar da Baba kwance a galabaice, ya garzaya da shi asibiti. Kafin Yanzu-Yanzu ya iso asibiti, rai ya yi halinsa.

Bayan jana'iza ya shiga ɗakin Baba. Ga tabarau a kan matashi, ga kofin shayi ya bushe. Fentin maɓallin duk ya goge saboda dannawa.

Tela ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya kwana biyu yana fama da ƙirji. Na ce mu kira ka, ya hana. Wai ya daina taɓa abin nan, kana ganin shiru za ka zo da kanka. Kullum sai ya sa na buɗe masa taga mai kallon titi."

Har yau Yanzu-Yanzu bai iya wucewa ta gaban tagar nan ba.

Darasi: Aikin da ka bari rabi yana iya cin rai, kuma babu na'urar da za ta gaida maka iyaye. Tashi ka je da ƙafarka. Ku tura wa duk wanda ya daɗe bai leƙa gida ba.